Ina zaune a Zariya, zan iya shirya wa gasar Ironman ta tsibiri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ma'aikaci ne, shekarata 37, ina zaune a Samaru, Zariya. Nakan yi gudun kilomita 10 sau biyu ko uku a mako, ina da keke, iyo kuwa na ƙuruciya ne kawai, irin na rafi. Na ga bidiyon gasar Ironman ta Hawayi, wadda ake haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a yini guda, abin ya shiga raina. Ina so in shiga irinta a wani tsibiri baɗi. Zafi ba ya ba ni tsoro tunda cikin rana muka tashi. Ta ina zan fara, kuma shekara guda ta isa?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, abin mai yiwuwa ne, amma in don ta ni ne, ba baɗi ba, kuma ba Hawayi ba. Ka ba kanka kamar shekara biyu, ta farko ka yi rabin zango, ta biyu ka tunkari cikakken.

Cikakkiyar Ironman ninƙaya ce ta kilomita 3.8 a buɗaɗɗen ruwa, kana fitowa ka hau keke kilomita 180, kana sauka ka yi gudun fanfalaki na kilomita 42.2. Ko kaya kake sauyawa lokacinka na tafiya. Galibi awa 17 ake bayarwa a gama duka, ita ninƙayar ma tana da nata wa'adin, awa 2 da minti 20, wanda ya haura haka ba zai taɓa kekensa ba. Tafiyar keken kaɗai ta fi ka tashi daga Zariya ka je Kaduna ka dawo. An fara gasar a tsibirin Oahu na Hawayi a Fabrairun 1978, mutum 15 suka shiga, 12 suka ƙarasa, kuma Gordon Haller da ya zo na ɗaya sai da ya kwashe awa 11 da minti 46. A 1981 aka mayar da ita Kona, a babban tsibirin Hawayi. Ta Kona ɗin ce gasar duniya, kuma hanyar samun gurbinta da aka fi sani ita ce ka yi wata Ironman ɗin ka zo cikin 'yan sahun gaba a rukunin shekarunka. Don haka ajiye ta gefe tukuna.

Waɗanda kuɗinka zai iya sayen gurbinsu akwai ta Langkawi a Malesiya, da ta Kozumel a Mekziko, akwai kuma wasu a Filifin. Kozumel shimfiɗaɗɗiya ce, iska ce matsalarta. Langkawi tana da hawa da gangara da zafi mai tsanani, amma ni ita zan zaɓa maka: tsibirin Musulmi ne, abincin halal da masallaci ba sai ka yi cigiya ba, kuma a can ana yin rabin zango, wanda ake kira 70.3, mai ninƙayar kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1. Ka ga sai ka je ka ɗanɗana ruwan da hanyar kafin ka koma da babbar niyya. Akan yi ta ne a ƙarshen shekara, wajen Oktoba ko Nuwamba, sai ka duba ranar a shafin masu shiryawa don takan motsa, ka kuma tabbatar har yanzu ana yin ta a can.

Maganar da ka yi cewa zafi ba ya ba ka tsoro ita ce ta fi ɗaga mini hankali. Zafin da ka saba da shi da na tsibiri suna kawai suka haɗa. A Maris da Afrilu ma'auni yakan doshi digiri 40 a Zariya, amma iskar busasshiya ce, zufa na fitowa tana bushewa, kuma bushewar nan ce ke sanyaya jiki, ba fitowar ba. Duba randar ƙasa: da hunturu ruwanta har haƙori yake kamawa saboda tsatsafar jikinta na bushewa, da damina kuwa randar ce dai, amma sanyin ya ragu. A tsibiri ma'auni zai nuna maka 31 ko 32 kawai, ka raina, alhali laimar da ke cikin iska takan kai kashi 80 cikin 100. Zufa sai ta yi ta tsiyaya har cikin takalmi ba tare da ta sanyaya ka ba. Jiki sai ya ƙara tura jini zuwa fata, bugun zuciya ya hau, rabon cinyoyi da hanji ya ragu. Shi ya sa saurin da kake yi kana hira a Samaru, a can sai ka ji kamar an ɗaura maka dutse, ciki kuma ya fara ƙin karɓar abinci tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Jiki na sabawa, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci. Kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki kamar awa guda a cikin irin wannan gumi sun isa ruwan jini ya ƙaru, zufa ta riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke fita cikinta ya ragu. Sai dai sabon na gushewa cikin 'yan makonni in an bari. Nan ne kalandarmu ta yi maka rana ta kuma yi maka dare. Watannin atisaye mai nauyi za su faɗo a damina, lokacin da iskarmu ke da laima, sannan ga zafin nan mai gumi da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba. Amma in gasar ta kai tsakiyar Nuwamba, iskar hunturu ta fara kaɗawa, makonninka na ƙarshe za su zo cikin bushewa da sanyin safiya, daidai lokacin da ba ka so. Maganinta ka ɗora kekenka kan ƙarfen nan da ake tuƙawa a ɗaki, ka kashe fanka, ka yi awa guda a hankali kullum na mako biyu, da ruwa a gefenka. In hali ya yi ka yi kwanakin a Legas ko Fatakwal ya fi. Gudun fanfalaki na Legas da ake yi a Fabrairu ma gwaji ne mai kyau, zai gaya maka gaskiyar yadda jikinka yake a iskar bakin teku.

Kada ka yi kirdadon ruwan da za ka sha. Hau sikeli ba kaya kafin atisayen awa guda, ka sake hawa bayan ka goge jiki. Duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta zufa, sai ka ƙara da abin da ka sha a tsakani. Wani lita ɗaya yake zubarwa a awa, wani biyu. Ba a so ka rasa fiye da kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinka, amma ɗirka wa ciki zallar ruwa ma haɗari ne, don yakan tsinka gishirin jini har mutum ya ruɗe ko ya suma, kuma an sha rasa rai ta haka a dogayen gasanni. Ruwanka ya kasance da gishiri. Ƙunshin gishiri da sukari na kemis ɗin nan da ake ba mai gudawa yana aiki a atisaye. Abinci kuwa ana neman giram 60 zuwa 90 na sukari ko sitaci a kowace awa, mafi yawansa a kan keke. Ayaba ɗaya tana da kamar giram 25, kwalbar Coke ƙarama kusan 37. Dabino, burodi da zuma, dafaffen dankali da ɗan gishiri, duk suna yi. Fura da nono da ƙosai da kilishi ka bar su sai an gama, maiƙo da yaji ba sa tafiya da gudu. Shi ma cikin koya masa ake yi, duk abin da ba ka gwada a doguwar tafiyar Asabar ba kada ya shiga bakinka ranar gasa.

Ninƙaya ce za ta fi cin lokacinka, kuma ita ce dalilin shekara biyun. Iyon rafi, kai a sama ana bugun ruwa, ba zai kai ka mita 200 ba ka galabaita. Sai ka koyi kwanciya a miƙe, fuska cikin ruwa, kana fitar da numfashi a ciki kana shaƙa ta gefe. Wannan ba a koyonsa daga waya, nemi mai koyarwa ko da na wata uku ne, a wurin ninƙaya na otal ko na makaranta, a Zariya ko Kaduna, sau uku a mako. In wurin mita 25 ne, cikakken zangon tsallakawa 152 ne. Ka guji madatsun ruwa da kududdufan da ke kewaye da mu, ko Kubanni ko Galma. Tsargiya a irin wannan ruwan ake ɗaukarta, ga taɓo a ƙasa, ga babu mai ceto. Wani abu kuma, rigar robar nan da kake gani a jikin 'yan gasa a Turai tana ɗaga mutum sama, amma doka ta taƙaita sa ta in ruwa ya haura digiri 24.5, ruwan waɗannan tsibirai kuwa yakan kai 28 ko fiye. Ke nan da ƙwarewarka kaɗai za ka shiga. Teku ba ta da layi a ƙasa, ba ta da bangon kamawa, ga gishiri a maƙogwaro, ga igiyar ruwa, ga ƙafafun mutane ɗaruruwa a fuskarka. Dole ka saba ɗaga ido kaɗan bayan 'yan bugu don duba alamar da kake nufa, in ba haka ba ka ƙara wa kanka ɗaruruwan mitoci a banza. Kafin gasar farko ka je Legas sau biyu ko uku ka shiga ruwan gishiri a wuri mai kariya irin Tarkwa Bay, tare da waɗanda suka san wurin. Buɗaɗɗen bakin tekun Legas yana da ja mai ƙarfi, ba wurin koyo ba ne.

Keke shi ne rabin gasar a lokaci. Ba sai na miliyoyi ba. Keken tsere na hannu mai giya lafiyayye, wanda aka daidaita sirdinsa da tsawonka, ya fi sabo dal da ke sa maka ciwon baya bayan awa biyu. Hanyoyinmu ka san halinsu, ga tireloli ga ramuka, ga yankunan da tsaro ya hana a ratsa. Fita bayan Asuba, cikin ayari, da hular kwano, a zagayen da ka sani kusa da gari ko da za ka maimaita shi sau biyar, sauran ka cike a ɗaki. Zariya ba ta da dogon hawa, in Langkawi ka nufa 'yan kwanaki a Jos za su amfane ka. A gasar an hana laɓewa bayan wani don ya tare maka iska, ana barin tazarar mita 12, kuma in tayarka ta yi faci kai za ka sauya tub da hannunka, babu mai faci a gindin bishiya. Ka koya tun yanzu.

Makonka zai fara da awa 7 ko 8, ya hau sannu zuwa 14 ko 15 a watanni biyun ƙarshe na shirin cikakken zango. Kashi huɗu cikin biyar na wannan a saurin da za ka iya magana ne. Mako uku ana ƙarawa, na huɗu a sassauta. Doguwar tafiyar keke ta kai awa 5 zuwa 6, dogon gudu kada ya wuce awa 2 da rabi, kuma sau ɗaya a mako kana sauka daga keke ka yi gudun minti 20, don ƙafa ta saba da wannan nauyin. Mako biyu zuwa uku kafin gasa a rage sosai. Azumi a shekarun nan yana faɗowa a farkon shekara, nesa da gasar, sai ka mai da shi watan riƙe abin da ka samu: ɗan motsi mara nauyi gab da shan ruwa, mai ƙarfin kuma bayan Tarawihi. Awa 15 a mako daga lokacin iyali za ta fito, gara ku yi maganar da uwargida tun kafin ka biya kuɗin rajista, wanda shi kaɗai ɗaruruwan daloli ne.

Kafin komai ka ga likita, a duba hawan jini da zuciya da sukari, ka kuma san rukunin jininka na sikila. Mai AS yana iya wasanni, amma haɗuwar zafi da ƙishirwa da matsa wa jiki ta fi yi masa haɗari, dole likita ya san da shirin. Ranar da kake da zazzaɓi babu atisaye, har sai maleriyar ta sake ka sarai. Ibuprofen da diclofenac kada ka sha su kana cikin doguwar tafiya, suna wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Tramadol kuwa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a gasa tun farkon 2024. A ranar gasar, in ka ji sanyi na ratsa ka cikin rana, ko kanka ya fara juyawa, ko ka kasa gane inda kake, ka tsaya a rumfar likitoci nan take.

Ana tashi ne da sassafe, mai matsakaicin ƙarfi kuma sai dare yake ƙarasawa, ke nan Azahar da La'asar, wataƙila har Magariba, a hanya za su same ka. Kai matafiyi ne, akwai sauƙin ƙasaru da jam'i, sai ka zauna da malaminka ku tsara yadda za ka yi, ka kuma sa abin suturta jiki a jakar da za ka tarar a wurin sauya kaya. Malesiya tana gaban Najeriya da awa 7, don haka ka isa aƙalla mako guda kafin ranar, barci ya daidaita, ka shiga tekun sau biyu ko uku. Biza da katin rigakafin shawara ka fara nemansu da watanni, fasfo kuma ya kasance da sauran fiye da wata shida. Tambayi kamfanin jirgi kuɗin ɗaukar akwatin keke kafin ka yanki tikiti, don sun bambanta ƙwarai. Hular kwano da takalman keke da na gudu da tabaran ninƙaya ka riƙe su a jakar hannu. In akwatin ya makara ana iya samun hayar keke a can, amma takalmin da ƙafarka ta saba da shi ba a samunsa haya.