Wa ke da alhakin tsaro idan 'yan kwangila sun yi yawa a gini ɗaya?

Malam, ka tambaya wa zai ɗauki nauyin lafiyar ma'aikata idan 'yan kwangila uku ko huɗu suna aiki a gini ɗaya. Babban ɗan kwangila ne. Haka yarjejeniya ta 167 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1988, ta tanada: shi zai haɗa kan matakan tsaro, amma kowane ƙaramin ɗan kwangila yana nan da alhakin yaransa.

Inda aikin wani ya haɗu da na wani, nan haɗari ya fi ɓuya. Na taɓa ganin birkila ya zare katako biyu daga kan sikafol, wato dakalin katako da ake hawa a yi aiki a sama, don ya wuce da bulo, bai gaya wa kowa ba. Da rana mai fenti ya hau, ƙafarsa ta zurma. Igiyar da ke ɗaure a jikinsa ce ta riƙe shi. Alhali takardun tsaro na nan cike da fayil a ofis, kowa ya sa hannu!

Shi ya sa nake ganin taron minti goma kowace safiya ya fi waɗannan takardun amfani. Shugabannin leburori su tsaya, kowa ya faɗi inda zai yi aiki yau, a gane wa ke sama, wa ke ƙarƙashinsa. Walda, shiga rami da taɓa wayar lantarki kuwa, kada a fara sai da rubutaccen izini.

Kuma a naɗa mutum ɗaya da sunansa, a ba shi ikon tsayar da aiki ba tare da ya nemi izinin kowa ba.