Tambaya da Amsa: Shin ruwan khal da bekin soda za su maye gurbin bilic?

Tambaya: Ina da yaro mai ciwon asma, kuma duk ranar da na wanke banɗaki da bilic sai tari ya taso masa. An ba ni shawarar in haɗa ruwan khal da garin bekin soda a kwalba guda in riƙa wanke-wanke da shi. Shin wannan haɗin yana aiki? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Kayan nan biyu suna da amfani ƙwarai, sai dai haɗa su a kwalba guda asara ce. Ruwan khal yana aiki ne saboda tsaminsa, domin yana ɗauke da asid na asetik kimanin kashi 5 cikin 100, shi kuwa bekin soda tsami yake kashewa. Da zarar sun gamu, kowanne zai karya ƙarfin ɗan'uwansa, kumfar da take burge mutane kuma iskar kabon dayoksaid ce ke fita, abin da zai rage bai wuce ruwa da wani nau'in gishiri ba. Idan aka toshe kwalbar, iskar tana iya fasa ta.

Ki ba kowanne aikinsa. Khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi yana goge gilashi, yana kuma narkar da farin dattin da ruwa ke bari a jikin famfo da buta, amma kada ya taɓa daɓen mabul, domin tsami yana cin dutsen har ƙyallinsa ya dushe. Bekin soda kuwa ki kwaɓa shi da ruwa kaɗan, ki shafa a kan maiƙon da ya kama tukunya, ki bar shi ya ɗan jima sannan ki dirje. Sauran aikin gida, a ganina, sabulu da ruwan ɗumi sun wadatar.

Inda khal yake gazawa shi ne kashe ƙwayoyin cuta. Bayan an yanka ɗanyen nama, ko wani ya yi rashin lafiya a gida, ki fara wanke wurin da sabulu, sannan ki bi shi da haidirojin feroksaid, wato wani ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Idan bilic ya zama dole, ki sirka shi, ki buɗe tagogi, ki kuma fitar da yaron tukuna.

Ko da wasa kada bilic ya haɗu da khal ko ruwan lemun tsami, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin, wadda sojojin Jamus suka yi amfani da ita a matsayin makami a ƙasar Beljiyam a 1915. Ƙaramin banɗaki mai rufaffen taga ya isa ya tara wadda za ta shaƙe babba, balle yaro mai asma.