Kuɗin Aikin Mahaifi: Abin Saye da Abin Gudu

Tambaya: Ranar Talata za a yi wa mahaifinmu aikin ciwon daji na hanji, kuma ni ce babba a gida. Barci ya ƙaurace mini. Me zan tanada, kuma awa nawa za mu yi a bakin ɗakin tiyata? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ki haɗa takardun gwaji da hotunan da aka ɗauka a jaka ɗaya, ki rubuta sunayen magungunan da yake sha, musamman na hawan jini, na suga da asfirin, sannan ki ɗauki tabarma, bargo, buta, cajar waya da ɗan kuɗi a hannu saboda lokacin da na'urar POS za ta ƙi aiki. Kada tausayi ya sa wani ya ba shi ko kurɓin kunu bayan lokacin da likita ya hana ci, domin hakan na iya sa a ɗage aikin, ko abinci ya shiga huhu yana cikin barci. Likitan da zai yi aikin ne kaɗai zai iya kintata awoyi, amma ki sani lokacin da kuke ƙirgawa a kan benci ya haɗa da sa shi barci da kuma farfaɗowarsa, saboda haka jinkiri kaɗai ba alamar ɓacin al'amari ba ne. Akwai kuma jira na biyu da iyalai kan manta da shi: za a kai abin da aka cire ɗakin gwaji, sakamakon kan ɗauki mako guda ko fiye, kuma shi ne zai nuna ko akwai kemo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji) ko gashi da na'ura a gaba. Ki ajiye wani kaso na kuɗin saboda wannan.

Tambaya: Wane lemo da wane abinci ya kamata mu saya wa masu zuwa dubiya, kada a ce mun yi rowa?

Amsa: Malam, mahaifinka na kan gadon aiki kana lissafin katan na lemo? Asibiti ba gidan suna ba ne. Mai dubiya addu'a ya kawo, ya yi ta ya tafi, kuma duk mai tari ko mura ya zauna a gida ya bugo waya.

Tambaya: Muna jiran ranar aikin nonon Mama, sai wani ya nuna mana maganin gargajiya a Facebook na naira dubu 150, wai yana narkar da ƙari ba tare da wuƙa ba. Wani kuma ya ce zai samo mana allurar da likita ya ambata a rabin kuɗinta. Mu gwada?

Amsa: Kada ku gwada, ɗana, kuma a nan zan ɗan tsawaita, domin wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Masu wannan sana'a sun san cewa kwanakin jiran aiki su ne lokacin da zuciyar iyali ta fi rauni kuma aljihunsu ya fi nauyi, tunda an sayar da fili ko shanu, dangi sun yi karo-karo, kowa kuma yana tsoron kalmar tiyata. Ba na raina tazargade ko zogale a muhallinsu, amma babu jiƙon da aka tabbatar yana narkar da ciwon daji, kuma wata biyu ko uku da za a ɓata ana sha ana jiran abin al'ajabi na iya isa ciwon ya bazu ya wuce inda aiki zai cire shi. Har wanda bai fasa aikin ba yana cikin haɗari idan ya ɓoye wa likita abin da ake ɗura wa maras lafiya, domin wasu haɗe-haɗen suna hana jini daskarewa, wasu kuma suna wahalar da hanta da ƙoda. Ku faɗa wa likita komai, har rubutun sha da habbatus sauda, ba zai cinye ku ba.

Batun allurar rabin kuɗi ya fi tayar mini da hankali. Hukumar NAFDAC ta taɓa fitar da gargaɗi kan jabun magungunan ciwon daji irin su Avastin, kuma kwalin jabu kan yi kama da na gaske har ido ya kasa bambancewa. Ko da ta gaske ce, irin su Avastin da Herceptin sai a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 zuwa 8, to yaya allurar da ta wuni a aljihun wani cikin zafin watan Afrilu? Araha ba ta ado. Ku saya a kantin maganin asibitin ko wurin mai lasisi da likitan ya amince da shi, ku duba lambar rajista da ranar lalacewa, ku karɓi rasit, ku kuma kai wa ma'aikatan ɗakin kwalin a rufe. Idan kuɗin ne ya gaza, ku je ofishin jin daɗin marasa lafiya ku tambayi asusun tallafin ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya ƙunshi na nono, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza (wato prostate), kuma asibitin koyarwa na Shika da na Gombe suna cikin waɗanda aka fara da su.

Tambaya: An ce mu kawo leda uku ta jini. Mu saya wurin samarin da ke tsayawa a bakin ƙofa?

Amsa: A'a. Wanda ya mayar da jininsa abin sayarwa yana da dalilin ɓoye rashin lafiyarsa. Ku tara 'yan'uwa masu lafiya da suka kai shekara 18 da nauyin kilo 50, ku je ɗakin ajiyar jini na asibitin kwanaki kafin ranar aikin, domin a samu sararin gwada jinin kan ƙanjamau da ciwon hanta, a kuma tabbatar ya dace da na majinyacin.