Oak Alley ko Whitney, wanne zan ziyarta?

Malam, ka ce za ka je New Orleans ta Amurka, yini ɗaya kawai gare ka, kana tambayar wace tsohuwar gonar rake za ka leƙa. Ni dai Whitney zan ce maka.

Oak Alley ta fi kyan hoto, babu musu: itatuwa 28 jere a gaban katafaren gida. Amma wa ya yi gumin gidan? Whitney, da ke bakin kogin Mississippi, an buɗe ta ne ga masu ziyara a 2014 don ba da labarin bayin da suka yi aiki a gonar. Za ka ga bukkokin katako da manyan tukwanen ƙarfe da ake dafa ruwan rake. A zamanin bauta, lokacin girbi dare da rana ake aiki, ga wuta, ga injin matsa mai cin hannu. Akwai bangon dutse ɗauke da sunayen bayin gonar fiye da 350, da wurin tunawa da bayin da suka yi tawaye a 1811, waɗanda aka kafe kawunansu a kan sanduna. Wajen sunayen yaran da suka mutu ne na kasa riƙe hawaye.

Ka tafi da ruwa da hula, yawancin zagayen a rana ake yi.