Mahaifinsa ya sha giya, shi ma zai sha ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti Nas. Maigidana, Allah ya jiƙansa, giya ce ta cinye masa hanta. Ɗanmu na fari shekararsa 14, yana koyon makanikanci a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Kullum kakarsa sai ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maganar nan na hana ni barci. Da gaske ana gadon shan giya?
Wata uwa, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai gado. Binciken da aka yi a kan tagwaye da 'ya'yan riƙo ya nuna kusan rabin haɗarin daga jini yake, kuma ɗan mashayi ya fi sauran yara saurin kamuwa ninki 3 zuwa 4. Duk da haka, yawancin 'ya'yan mashaya ba sa zama mashaya. Ki gaya wa Iya haka cikin ladabi, ki roƙe ta ta daina faɗar maganar a gabansa.

Ni shekarunsa ne suka fi tsaya mini a rai. A Amurka an gano cewa wanda ya fara sha kafin ya kai 15 ya fi wanda ya jira har 21 faɗawa jarabar kusan ninki 4, ana kuma ganin ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna ba. Dokar Ghana ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma da idona na ga yaro da baƙin mai a hannu yana karɓar bitas (giya mai haɗin saiwoyi) na leda a kiyos, an aike shi. Daga aike ake fara ɗanɗanawa. Ki je da ƙafarki ki ga maigidansa na aiki, ki ce kada a aike shi sayen akpeteshie (giyar gargajiya mai ƙarfi ta Ghana) ko bitas, ko da na wa ne.

Akwai wata alama da samari ke alfahari da ita: wai shi giya ba ta kama shi da wuri. Irin wannan ya fi shiga haɗari, don sai ya sha da yawa kafin ya ji, kuma an fi samun haka a 'ya'yan mashaya.

Sannan yaron nan maraya ne, ya kuma ga abin da ya gani a gida. Baƙin cikin da aka haɗiye da damuwa suna cikin manyan abubuwan da ke kai mutum ga kwalba. Idan kin ga ya daina cin abinci da ku, ko barci ya gagare shi, ko kuɗin kokonsa na safe ya daina isarsa, kada ki fara da duka. Ki zaunar da shi bayan isha'i, ki faɗa masa gaskiyar ciwon babansa. In abin ya ci tura, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, ku tafi tare da kawunsa.