An horar da mu, amma aikin ya mutu bayan wata uku

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibiti. An ba mu horon kwana biyar kan taimakon masu ciwon damuwa ta hanyar tattaunawa, yau wata uku ba mai yi a cikinmu. Sakacinmu ne?

Amsa: Ba sakacinku ba ne, 'yar'uwa. Masu nazarin yadda ingantaccen magani ke shiga aikin asibiti sun daɗe da gano cewa horon aji shi kaɗai ba ya zaunar da sabon aiki.

Fara duba lokaci. Misali, PM+, tsarin taimako ta hanyar tattaunawa na Hukumar Lafiya ta Duniya, zama 5 ne, ɗaya a mako, kowanne minti 90. Wadda layi ke jiranta a bakin ƙofa ba ta da wannan sarari, sai an ware mata yini da ɗaki mai rufuwa a cikin jadawalin aiki.

Babban ramin shi ne rashin mai bibiya. Idan ba mai dubawa, zaman yakan koma nasiha: "ki yi haƙuri, kowa da tasa jarrabawar." Maganar kirki ce, amma ba ita aka gwada ba. Abin da aka gwada shi ne marar lafiya ta zaɓi matsala ɗaya, ta jero mafita da bakinta, ta ɗauki guda, mako mai zuwa a tambaye ta yadda ta kaya. Da irin wannan tsari kakannin da Dakta Dixon Chibanda ya horar a Zimbabuwe suka yi aiki, zama 6 a kan benci, masu kula na bin sawunsu. A gwajin da aka wallafa a 2016, bayan wata 6 kusan 14 cikin 100 na waɗanda aka yi wa zaman benci ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a rukunin da ba a yi wa zaman ba rabi ne. Ku nemi ƙwararren da zai saurari rahotonku duk mako biyu, ko ta waya ne, yana riƙe da takardar matakan.

Sai awo. Ku cika PHQ-9, takardar tambayoyin auna ciwon damuwa, a kowane zama: tambaya 9, maki 0 zuwa 27, daga 10 ake ɗaukar ciwon da muhimmanci. In wata ya wuce makin bai sauka da 5 ba, a kai maganar gaban mai kula. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ce ko cutar da kai. Duk wadda ta amsa da wani abu sama da sifili, likita ya gan ta a ranar, kada a bari ta tafi ita kaɗai.