Ramin da Masu Haƙar Marmara Suka Bari: Wa Zai Cike Shi?

Tambaya: Wani ɗan kwangila yana haƙar marmara da yashi a bayan ƙauyenmu. Ya ce ya sayi filin, dagaci ma ya sani. Yanzu ramin ya zama kududdufi, kwazazzabo kuma ya doshi gonakinmu. Doka ta ce wani abu? — Daga wani manomi a Ƙaramar Hukumar Akko, Jihar Gombe

Amsa: Ta ce, Malam. Sayen fili bai ba shi ikon haƙa ba. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya abin da ke ƙarƙashin ƙasa, don haka sai ya mallaki lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja. Sanin dagaci ba lasisi ba ne. Kuma lasisin yana tafe da sharaɗi: a auna illar aikin ga muhalli tun kafin a fara, bisa dokar 1992, a ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen gari, sannan a gyara wurin yadda 'ya'yanku za su iya morarsa bayan an tashi.

Gyaran nan ne ake yawan gujewa. Ƙa'ida ita ce katafila ta fara kankare ƙasar sama, kamar santimita 20 zuwa 30, a tara ta gefe guda, domin ita ce mai taki da irin ciyawa. Idan aka loda ta a tifa aka sayar, ko an cike ramin da wuya shuka ta yi kyau a wurin. Bakin ramin ma ba a barinsa a tsaye kamar bango. Ƙasar wajenku mai rairayi ce, ruwan Agusta yana cin gindinta ta rufta, daga nan kwazazzabo yake somawa. Sai a kwantar da gaɓar, a karkatar da ruwan sama ta magudana, a mayar da ƙasar saman, a dasa jema da darbejiya.

Ku rubuta koke da sa hannun manoman da abin ya shafa, haɗe da hotuna masu kwanan wata. Ku kai hukumar kare muhalli ta Jihar Gombe (GOSEPA) da ofishin hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli (NESREA) da jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar, ku karɓi kwafi mai hatimi. Ku nemi a nuna muku lambar lasisinsa. Ku hanzarta tun injinansa suna wurin, domin idan ya kwashe kayansa, nemo shi ya yi gyara yana da wuya ƙwarai.